DAGA BAKIN IYAKA: Wasiƙar Da Ta Kwana Cikin Adaka

A watan jiya mun yi alkawari za mu yi magana a kan kuɗin makaranta da yadda iyaye su ke fama da shi. Ku gafarce mu, wani al'amari ya sha gabansa, mun kuwa ga bai kamata mu bar shi ya huce ba.

Akwai wata tsohuwa cikin ekklesiyarmu a nan Mai'aduwa, shekarunta sun ba 80 baya. Yaro da babba Iya su ke ce mata, mu ma haka za mu kira ta, gama iyalinta sun yarda mu ba da labarin nan amma ban da sunaye. Wata ran Lahadi bayan sujada, motocin shanu suna ta wucewa zuwa kasuwa, sai jikanta ya tare mu a bakin majami'a. Ɗalibinmu ne a da. Ya ce, "Malam, Iya ta hana gida barci. Ta ce ba ta so Ubangiji ya kira ta ba ta san inda aka binne ubanta ba."

Abin da Iya ta sani bai cika tafin hannu ba. Tana 'yar shekara 4 ko 5 aka zo aka ɗebi maza a ƙauyensu zuwa aikin kuza, da ubanta a ciki. Waɗansu suka komo, shi bai komo ba. Uwarta ta ce ya mutu, ba ta ƙara kome a kai ba har ita ma ta rasu. Ba a kawo rigarsa ba, ba a yi zaman makoki ba, ba wanda ya ce ga inda kabarinsa ya ke. Shekara 80 ke nan abin yana cikinta.

Da muka ji haka sai mutanen Ailan suka faɗo mana a rai. Kiristocin Arewa da dama sun san su, domin daga can ne limaman Katolika da sistoci masu yawa suka zo suka riƙe makarantu da asibitoci a Kano da Kaduna da Jos. Ƙasarsu tsibiri ce yamma da Ingila, da wuya kuma a sami al'ummar da ta sha ƙaura kamarsu. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakansu. Yunwa ta yi ta cin su har wajen 1852. Cikin mutum miliyan 8 da 'yan kai, kamar miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 kuma suka shiga jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Yau jikokin jikokinsu ne ke komowa da takarda a hannu, suna neman ƙauyen da kakansu ya baro.

Kada ku ce ai su Turawa ne, kome nasu a rubuce ya ke. A watan Yuni na 1922, cikin yaƙin basasarsu, gidan ajiyar takardun gwamnati da ke Dablin ya ƙone. Kusan dukan takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851 suka zama toka, watau daidai na zamanin yunwar. Ba a kuma fara rubuta haihuwar kowa da kowa a ofis ba sai 1864. To, da me su ke nema? Da tsince-tsince. Akwai littafin baftisma da na aure na majami'un Katolika, waɗanda su ke hannun limamai a ƙauyuka, wuta ba ta same su ba. Akwai littafin kimanta gonaki domin haraji, wanda wani mai suna Griffith ya shugabanci aikinsa daga 1847 zuwa 1864, inda aka rubuta sunan mai riƙe da kowace gona. Akwai jerin sunayen fasinjojin jirgi. Amma wanda ya fi taɓa mu shi ne cigiya. Wata jarida a birnin Boston na Amurka, mai suna Pilot, ta yi shekara 90, daga 1831 zuwa 1921, tana buga cigiyar waɗanda suka ɓace: mace tana neman mijin da ya riga ta ƙetarewa, ƙane yana neman wan da ya tafi aikin leburanci aka daina jin ɗuriyarsa. Masu cigiyar sun mutu tuni. Abin da suka faɗa wa jarida kuwa, sunan ƙauye da shekarar tafiya da sunan jirgi, shi ne sawun da jikoki ke bi yanzu.

Mu ma fa mutanen ƙaura ne, sai dai ba mu cika kiranta haka ba. Mu kan ce cin rani, ko fatauci, ko mu ce wane ya shiga duniya. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka yi gabas, garin da suka kafa a bakin kogi a Sudan har yau sunansa ya ke amsawa. Fataken goro suka cika zangon Kumasi da na Akara. Mu na nan kuwa iyakar ce ta zo ta same mu. Tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa turaku, dangi ɗaya suka wayi gari rabi a hannun wannan Bature rabi a hannun wancan. Sarakuna ba su da damuwa a nan. Daura tana da Girgam, jerin sarakunanta, an kuma san yadda tsohon gidan sarauta ya fita bayan jihadi ya zauna a Zango da Baure, da yadda aka komo da Malam Musa a farkon zuwan Turawa. Talaka fa? Girgam ɗinsa yana bakin kakarsa, ran da aka binne ta an binne da shi.

Saboda haka muka fara da bakin Iya. Nan da nan muka ci karo da abin da mutumin Ailan bai san shi ba, watau alkunya. Uwar Iya ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, sai "shi", sai "mai gidan nan". Iya sunansa na rana kaɗai ta sani, an haife shi ran Talata. Masu wannan suna kuwa a ƙasar Daura ko gero ba zai ƙirga su ba. Muka yi ta kewaye-kewaye har muka tambaye ta, wa aka yi wa takwara da shi? Sai ta ce ɗan farin ƙanenta, wanda gida duka su ke kira Baba domin kada a kira sunan. Aka je aka ɗauko takardarsa ta gama firamare, ga sunan a rubuce. Yau shekara 50 da wani abu sunan kakan yana yawo a gidan, ba wanda ya lura.

Shekaru kuma tsoho ba ya ba ka su da lamba, da abin da ya faru ya ke ba ka. Iya ta ji daga uwarta cewa a kafaɗa aka ɗauko uban daga wajen Matamaye, hayin iyaka, shekarar Kakalaba. Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914, saboda haka an haife shi wajen 1909. Ɗibar mutane zuwa kuza kuma an san lokacinta. A 1942 Japan ta kama Malaya, inda Ingila ta ke samun kuza mai yawa, sai gwamnati ta sa aikin tilas a filayen Jos da Bukuru, ana ɗebo maza daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai har 1944. Sanyin dutse da ƙarancin abinci suka kashe mutane da dama, da dama kuma suka gudu. Har wannan mataki maganar uwar Iya tana tsaye: mutum ya tafi inda a ke mutuwa, bai komo ba.

Muka ce bari mu duba littafin baftisma na ƙauyen da Iya ta yi aure, inda ta karɓi bishara tare da mijinta a shekarun 1960, ko mai bishara na lokacin ya rubuta wani abu game da iyayenta. Muka tarar gara ta ci rabin littafin cikin kabad. A shafin da ya tsira ga sunan Iya, ga sabon sunanta na baftisma, amma gurbin sunan uba ba kome, an ja layi kawai. Haka ya ke a sunaye da yawa na shafin. Ba mu faɗi wannan domin mu ci mutuncin kowa ba. Da muka komo gida muka buɗe kabad ɗin makarantarmu, muka ga yadda tsofaffin rajistocinmu su ke, sai muka yi shiru.

Jikan ya yi ƙoƙari ya tafi Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Ma'aikatan suka taimake shi ƙwarai, ya kwana 3 yana buɗe fayil. Ya komo ya ce, "Malam, na ga sunan Razdan, na ga na hakimai, leburori kuwa lamba ce kawai." Mai mulki kawuna ya ke ƙirgawa.

Inda ba mu zata ba, nan abin ya fito. Uwar Iya ta bar wata 'yar adaka ta ƙarfe, tana ɗakin matar ƙanen Iya, shi ƙanen ya rasu. Cikinta akwai tsofaffin zannuwa da 'yan takardun haraji, da wani ƙunshi da aka naɗe da fata aka ɗaure da zare. Kowa a gidan ya san da ƙunshin, kowa kuma ya ɗauka laya ce. Matar ta gaya mana cewa lokacin da mijinta ya yi baftisma aka tara layun gidan aka ƙone, tsohuwa ta ɓoye wannan cikin zanenta ta hana. Tun daga nan ba mai taɓa shi. Muka yi addu'a, jikan ya kwance zaren. Ambulan ne, ya yi ja saboda tsufa. A bayansa rubutun boko, ta hannun magatakardan hakimi. A kusurwa kan sarki na Gwalkwas, watau Gana ta yau, da hoton Sarki Joji na 6. Tambarin gidan waya ya nuna Kumasi, ya nuna 194, lamba ta ƙarshe ta goge.

Ku duba yadda ɗan abu ya ke magana. Ba mu karanta ko kalma ɗaya ta ciki ba tukuna, amma mun riga mun san wani a Kumasi ya rubuto wa gidan nan kafin 1950.

Takardar ciki da ajami aka rubuta, ba kuwa mai karanta ajami cikinmu, mu da difloma ɗinmu. Muka kai wa wani dattijo maƙwabcin Iya, malamin allo, wanda shekara da shekaru su ke gaisawa ta kan danga. Ya taso da kansa ya zo zauren, ya sa tabarau, ya karanta a hankali. Uban Iya ne ya sa aka rubuta. Ya gai da matarsa, ya gai da 'yarsa da sunanta, ya tambayi lafiyar jaririn da ya bari a goye. Ya ce ya gudu daga kuza da dare saboda sanyi ya kashe na kusa da shi, ya ji tsoron komowa gida kada a kama shi a mayar, ya bi fatake har Kumasi. Ya ce yana ƙira a zango, ya sami abin rufin asiri. Ya aiko da zane 2 da kuɗi fam 1 ta hannun wani farken goro, ya roƙi matar ta ɗauko yaran ta biyo mutumin in zai koma.

Ba ta je ba.

Iya ta daɗe ba ta ce kome ba. Can sai ta ce wa dattijon, "Malam, maimaita mini wurin da ya kira sunana." Ya maimaita. Ta ce ya sa yatsanta a kan wurin, ya sa. Sa'an nan ta juyo wajenmu ta ce, "Ɗan nan, ashe Inna ta san da wannan ta bar ni ina kukan maraici?" Muka ce, "Iya, ki yi haƙuri." Iyakar abin da muka iya ke nan a ranar.

Mun yi ta juya maganar daga baya, kuma ba mu ga dalilin jifan marigayiyar ba. Mace ce da 'ya'ya ƙanana 2, a ce ta bi baƙon namiji zuwa ƙasar da ba ta taɓa jin harshenta ba. Mijin kuma mai gudun aikin gwamnati ne. Cewa ya mutu ya rufe bakin masu tambaya. Mai yiwuwa danginta ne suka hana, mai yiwuwa fushi ne. Amma macen da ta tsaya gaban wuta ta hana a ƙone takarda, ta riƙe ta har mutuwa, ba mu ce ta manta da wanda ya aiko ta ba. Mun faɗa wa Iya haka bayan mako biyu. Ta saurara, ba ta amsa ba.

Sauran sawun gajere ne. Wani ɗan kasuwa da ke zuwa nan ran Lahadi yana da suruki a Kumasi, ta wayarsa aka kai maganar ga dattawan zango. Wani tsoho ya ce ya tuna wani maƙeri bahago mutumin Daura, yana da mata da 'ya'ya a can. Uwar Iya kuwa ta sha faɗa cewa mijinta bahago ne, gidansu gidan ƙira ne. Sai dai sunan da tsohon ya ba da dabam ne, sunan Musulunci, da Daura a ƙarshe, kamar yadda baƙo ya kan ɗauki sunan garinsu. Ya ce sun tashi lokacin kora. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako 2 su bar Gana, dubban 'yan Nijeriya da 'yan Nijar suka ɗaure kaya. In shi ne, yana da shekara wajen 60 a lokacin. Bai zo Mai'aduwa ba. Ba za mu rantse cewa mutum ɗaya ne ba, domin bahagon maƙeri ba shi kaɗai Allah ya yi ba.

Yanzu bari mu komo kan layin nan da aka ja a gurbin sunan uba, gama ya tsaya mana a wuya. Mu Hausawa masu bi muna da wata ɗabi'a, mu kan ɗauka tarihin gidanmu ya fara ran da aka yi wa na farkonmu baftisma. Abin da ke bayan wannan rana mu kan ce zaman duhu ne, mu rufe. Yaro ya san sunan Baturen mishan da ya zo ƙauyensu, bai san sunan kakan ubansa ba. Ba daga Littafi Mai Tsarki muka koyi wannan ba. Sabon Alkawari da jerin sunaye ya buɗe, a Matta sura 1, cikinsu kuwa har da Rahab ta Yariko da Rut mutuniyar Mowab, ba a goge su domin asalinsu ba. Littafin Rut kansa da labarin iyalin da yunwa ta kora daga Baitalahmi ya fara, kamar waɗanda Kakalaba ta koro. A Ezra sura 2 kuma akwai waɗansu firistoci da suka komo daga bauta, suka nemi sunansu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist.

Wani dattijon ekklesiya ya tuna mana cewa Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus game da gardamar asali. Gaskiya ne, gargaɗin kuma yana nan. Wanda zai tono asali domin ya ɗaga hanci, ko domin ya ce gidan wane bayi ne ba za a ba su aure ba, gara ya bar adaka a rufe. Mai tono ya kuma shirya, domin ba kullum a ke tono abin daɗi ba. Sai 1936 doka ta kawar da bauta gaba ɗaya a Arewa, wani zai tarar kakarsa saye aka yi, wani zai tarar kakansa ne mai sayen. Amma Iya ba taƙama ta ke nema ba. Mu na bakin iyaka kuma muna da wani dalili na yau da kullum: yaranmu in sun je neman takardar shaidar asali domin makaranta ko aiki, tambayar farko ita ce wane ne kakanka, a wace unguwa ya zauna, wa ya san shi. Mun ga yaron da ya yi tsuru-tsuru a wannan wuri.

Abin da mu ke roƙo ba mai tsada ba ne. Wanda ya ke da tsoho a gida ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ya zauna da shi da maraice, ba rana ɗaya ba. Kada ka ce wa kaka ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta, ba za ta faɗa ba; tambayi kishiyarta, ko ka tambayi wa aka yi wa takwara. Rubuta sunan ainihi da na rana da laƙabi da na baftisma, duka huɗu, domin mutum ɗaya ya kan bayyana da suna dabam a kowace takarda. In ta ce shekarar Marisuwa, 1918 ke nan. In ta ce zuwan Sarauniya, 1956. In ta ce canjin kuɗi zuwa naira, 1973. Takardar haraji, katin asibiti, littafin sallamar soja na waɗanda suka je Bama, kada a kunna wuta da su. Takardar ajami kuma a kai wa mai karantawa kafin a yanke mata hukunci. Magatakardan ekklesiya, don Allah ku sauko da littattafan baftisma ku kakkaɓe, ku sa su a adakar ƙarfe nesa da bango, ku ɗauki hoton kowane shafi da waya. In za ku rubuta sabon mai bi, ku cika gurbin uba da na uwa da garinsu, ko wane addini su ke yi.

Ga kuma cigiyarmu, tun da ya ke mujallar nan tana kaiwa Bukuru da Sabon Garin Kano da Maradi da Damagaram. Ana neman zuriyar wani maƙeri, bahago, haifaffen ran Talata, wanda iyayensa suka fito daga wajen Matamaye suka zauna a ƙasar Daura. An ɗebe shi zuwa kuza tsakanin 1942 da 1944, ya yi ƙira a zangon Kumasi, mai yiwuwa ya baro can da iyalinsa a ƙarshen 1969. Wanda kakansa ya taɓa ce masa ya baro mata da 'ya mace da jariri a wani ƙauye kusa da Mai'aduwa, ya rubuto wa Edita, sunayen suna hannunsa. Iya ta ce a gaya musu ba gado ta ke nema ba, so ta ke ta san garin da ya kwanta, in kuma akwai hoto a kawo ta gani. Masu karatu, ku nuna wa maƙwabtanku Musulmi wannan shafi, domin mun fi zaton a cikinsu 'yan'uwanta su ke.

Maganar kuɗin makaranta sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.